Rabon Tanderu

Yayana ya yi shekara talatin da 'yan kai yana dafa dutse. Haka nake ce wa matan da ke kawo mini ɗinki idan sun tambayi aikinsa, su kwashe da dariya, ni ma in taya su, don ban san yadda zan taƙaita musu ba. Malami ne a jami'a, sashen fiziks, amma daga masu shara har manyan malamai ba wanda ke kiransa da komai sai Mai Tanderu. Yanzu ya yi ritaya. Kullum da hantsi yakan zo shagona ya zauna a bencin da ke bakin ƙofa, ya ɗora hannuwa a gwiwa, ya yini yana kallon titi. Masu wucewa suna ɗauka hutawa yake yi. Ni da na san abin da ya zaunar da shi, wani lokaci sai in taka keken ɗinki da ƙarfi don kada in ji shirunsa.

Mu biyu ne wurin iyayenmu, shi ne babba, ni ce auta. Ni aka ba ni baki, shi aka ba shi taurin kai. Babanmu direban tasi ne, kuma abin da ya fi ji da shi a duniya bayan motarsa shi ne wani tsohon rediyo. Yaya yana ɗan firamare ya farke rediyon nan ya ciro maganaɗisun da ke bayan lasifika. Ya sha duka ranar har Mama ta shiga tsakani, amma bai mayar ba. Da shi yake bin ƙasan ɗaki yana tsinto wa Mama alluran da suka faɗi, yana tambayarta wa ya gaya wa allura inda za ta nufa. Mama takan ce ya tafi ya tambayi malaminsa, ita tana da wanki.

Tambayar ce ta kai shi har ƙasar waje karatu. A can ya haɗu da wani ɗan garinmu da muke kira Dogo saboda gajartarsa, suka yi ɗaki ɗaya, suka yi malami ɗaya. Da suka gama, aka ba su aiki su duka biyun. Dogo ya zauna can. Yaya kuwa, ana cikin haka Baba ya faɗi a bakin mota, ɓarin jikinsa ya shanye, ba wanda zai ɗaga shi ya kwantar. Ba wanda ya ce wa Yaya ya dawo, shi ya ga ya kamata. Na tuna mun je tarbarsa ina ta lissafin tsarabar da zai kawo mini, sai ga shi da akwatin kaya ɗaya da wani ƙaton akwatin katako da sai da ƙarti suka kama. Tsohon tanderu ne da malaminsu ya daina amfani da shi ya ba shi kyauta. Ni ko ɗankunne ban samu ba, kuma har yau ina yi masa gori.

Jami'a ta ba shi wani ɗaki a ƙarshen baranda, kusa da banɗaki, mai taga ɗaya da ba ta rufuwa sosai. Nan ya kafa tanderun. Ya auri wata nas mai haƙuri, wadda nake kira Anti, suka haifi 'ya'ya uku. Da safe ya shiga aji, da ya fito sai ɗakin tanderu.

Na daɗe ban san me yake nema ba, sai wata rana da ya kawo mini wandonsa in rage masa ƙugu, don a lokacin ya fara ramewa. Na ce, "Yaya, don Allah yau dai ka gaya mini. Wannan dutsen da kake dafawa, idan ya dahu wa zai ci?"

Bai yi fushi ba. Ya jawo kwalin fil ɗina, ya zuba kaɗan a teburin yanka.

Ya ce, "Auta, kin ga gishiri? Idan kika duba ƙwayarsa da kyau za ki ga tana da kusurwa tsaf, don ƙananan ƙwayoyin da suka haɗa ta sun jeru layi-layi. Irin wannan dutsen ake kira kiristal. To nawa, kowace ƙwaya a cikinsa tana da ɗan maganaɗisu, kamar fil ɗin nan mai kai da tsini. Kuma halinsu ɗaya ne: kowace so take ta saɓa wa maƙwabciyarta. Idan wannan ta kalli ƙofa, waccan sai ta kalli bango."

Na ce, "Ashe dutse ma yana da dangin miji."

Ya yi murmushi, ya ajiye fil biyu, ɗaya tsini sama, ɗaya tsini ƙasa. "Su biyu ba matsala. Amma a dutsena uku-uku suke zaune, kowace tana maƙwabtaka da sauran biyun." Ya miƙo mini na uku. "Ajiye wannan yadda zai saɓa wa duka biyun."

Na juya shi sama, ya yi daidai da na farko. Na juya ƙasa, ya yi daidai da na biyu. Na ce ba ya yiwuwa, kada ya ɓata mini lokaci.

"Yauwa. Ba ya yiwuwa. Sai kowace ta rage buri, su ɗan karkace. Amma hanyoyin karkacewar suna da yawa, kuma duk ɗaya suke, babu wadda ta fi wata daɗi. A hankalce sai ki ce ba za su taɓa tsayawa a kan guda ba. To lissafina ya nuna idan aka sanyaya dutsen sosai za su tsaya, kuma na san a kan wacce. Kin san me zai zaɓar musu? Rawar jikinsu. Ƙwayoyin nan ba sa taɓa zama cik, kullum suna ɗan karkarwa."

Na ce yaya za a yi karkarwa ta kawo tsari, ai sai dai ta wargaza.

Ya ce, "Tuna kujerar baya ta motar Baba idan an cusa mutum huɗu. Muddin mota na tsaye a tasha, duk yadda suka zauna matsi ɗaya ne. Amma bari a hau hanya mota ta fara jijjiga su. Kafin a yi nisa za ki ga wannan ya matsa gaba, na kusa da shi ya jingina baya, na gaba ya matsa gaba. Ba wanda ya shirya su. Jijjigar ce ta kai su zaman da ya fi ba kowa wurin motsi."

Wannan na gane, don na sha zama a kujerar. Tun daga ranar na san abin da Yaya ke so a rayuwarsa: kiristal guda ɗaya, mai tsabta, ko da girman gaɓar yatsa ne, da zai aika wa Dogo. A wurin aikin Dogo ne akwai na'urar da ke sanyaya dutse fiye da duk wani sanyi da mutum ya sani, ta kuma ga inda kowane ɗan maganaɗisu ya fuskanta. Dogo ya yi masa alkawari tun suna samari: ka kawo dutsen, ni zan nemo masa layi a na'urar.

A baki aikin ba wuya. Gari iri biyu ne, fari da rawaya. Ya auna su a ɗan sikeli mai murfin gilashi, ya haɗa, ya zuba a wani ɗan kasko da bai fi kofin shayi ba, ya sa a tanderu har su narke. Daga nan sai a riƙa rage zafi kaɗan-kaɗan, makonni, har kiristal ya tsiro a gindin kaskon ya girma a natse. Abin da aikin ba ya so shi ne a katse shi. Mu kuwa a garinmu wutar lantarki ba ta san alkawari ba. Da an ɗauke ta, tanderu ya huce farat ɗaya, abin da ke cikin kasko ya daskare ya zama wani ɓawo mai tsatsaguwa kamar ƙanzo. Idan an dawo da ita sai ya sake narkarwa, ya koma farko. Janaretan sashensu ya fi kwana a wurin gyara. Yaya ya sayar da motarsa ya sayi ƙarami, ashe ba zai iya ɗaukar tanderun ba, yana jona shi ya yi tari ya mutu. Anti ta kai shi gida tana kunna wa yara fanka.

Sai kuma wata matsalar. Garin rawayan nan ba ya jure zafi, duk sanda aka sake narkarwa sai wani abu daga cikinsa ya tashi ya bi iska. Kafin a yi narki na uku ko na huɗu awon ya karkace, farin ya rinjaya. Da Yaya ya lura, sai ya fara ƙara ɗan rawayan tun a wurin awo, ya rufe abin da zai tashi. Kamar dai yadda nake barin rara a sabon yadi don na san zai shige idan an wanke. Ya sa wa ƙarin nan suna rabon tanderu. Da farko sai ya zauna ya yi lissafinsa, amma da shekaru suka tura hannunsa ya haddace. Na sha ganinsa: ya auna daidai, ya jira allurar sikeli ta tsaya, sannan ya ɗan ƙwanƙwasa cokalin da yatsa, gari kaɗan ya ƙara zuba. Ko magana yake yi da mutum hannun ba ya mantawa. Da wannan dabarar yakan samu 'yan tsaki-tsaki masu kyau, kamar ƙwayar gero, amma sun yi wa na'urar Dogo ƙanƙanta.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Baba ya rasu, Mama ta bi shi. Ɗaliban da Yaya ya koyar suka je suka dawo da manyan digiri, suka yi ta rubuce-rubuce, aka yi ta ƙara musu girma, shi yana nan a matsayin da ya daɗe a kai, don mutum ba ya rubuta labarin dutsen da bai samu ba. Na yi masa faɗa har na gaji. Na ce ya nemi wani abin da za a iya yi da irin wutarmu, ai ba shi kaɗai ne malamin fiziks a duniya ba. Yakan saurare ni har in gama, ya ce, "Wannan karon saura kaɗan, Auta." Wallahi akwai ranar da na ji kamar in ɗauki almakashi in je in yanke wayar tanderun kowa ya huta.

Anti ba ta faɗa. Sau ɗaya na ji ta yi masa magana, ranar da babbar 'yarsu ta gama makaranta ya iso taron ana kwashe kujeru, rigarsa tana warin ƙarfe mai zafi. Ta ce, "Malam, ban taɓa hana ka ba, kuma ba zan hana ka ba. Amma yaran nan sun girma ba ka gani ba." Ya sunkuyar da kai ya ce ta yi haƙuri, an dawo da wuta ne daidai zai fito. Ta ce ta sani. Wannan "na sani" ɗin ya fi duk surutuna ciwo, amma washegari da sassafe yana ɗakin tanderu.

A shekararsa ta ƙarshe a aiki, shugaban sashen, wanda shi ma tsohon ɗalibinsa ne, ya same shi har ɗakin. Yaro ne mai ladabi, bai ko yarda ya zauna ba. Ya ce, "Malam, ka san ba don ni ba. An ce idan ka ajiye aiki ɗakin nan za a zuba kwamfutoci, ɗalibai sun yi yawa. Na roƙa an bar maka shi har ranar da za ka tafi." Yaya ya yi masa godiya. Da ya duba kwalabensa, garin da ya rage bai wuce na kasko ɗaya ba, kuma daga waje ake kawo shi, ba ya zuwa da wuri. Ya auna, ya sa rabon tanderu kamar kullum, ya rufe, ya kunna.

Abin da bai sani ba, a makon nan ne taransifomar ɓangarensu ta ƙone, kafin a gyara sai aka jona gininsu da layin asibitin jami'a, wanda ba a ɗauke masa wuta. Kwana ɗaya ya wuce, biyu, mako ya cika, fitilar tanderu ba ta ko ƙifta ba. A lokacin Anti tana aikin rana, ni nake kai masa abinci. Nakan same shi a kujerarsa mai karyayyen hannu, ya zuba wa jajayen lambobin da ke nuna zafi ido, suna sauka ɗaya bayan ɗaya yadda ya tsara. Ɗakin ba abin da ake ji sai gunjin tanderu. Na buɗe baki zan ce yau ma ba a ɗauke ba, ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Kada ki faɗa."

Mutumin da ya yi rayuwarsa yana yi mini dariya idan na ce ido ya kama kaya, ga shi yana tsoron baki. Ban tsokane shi ba. Ni kaina idan na koma shago, da fanka ta tsaya sai gabana ya faɗi, sai na tuna layinmu daban ne.

Ranar da zai buɗe ya kira ni da Anti. Ya ciro kaskon da dogon hantsaki, ya fasa abin da ya daskare a sama a hankali, ya juye a farar takarda. Wani abu ya gangaro ya tsaya. Ya kai girman gaɓar babban yatsana, ja mai duhu, fuskokinsa sumul kamar an goge, hasken taga yana shiga yana fita. Yaya ya tsaya yana kallonsa. Sai ya zauna a ƙasa, a kan simintin nan mai datti, ya rufe fuska da hannun riga. Ban taɓa ganin kukansa ba, ko ranar da aka fita da Baba. Anti ta durƙusa kusa da shi tana dariya tana share nata hawayen, tana cewa, "Ashe da gaske ne, Malam. Ashe akwai shi." Ni ce na ce su tashi kada ɗalibai su leƙo.

Na ɗinka wa dutsen 'yar jaka da ragowar yadi mai laushi, aka naɗe shi da auduga a cikin kwalbar magani. Dogo ya zo ganin gida a watan, ya karɓa da hannu biyu, ya ɗaga shi a haske ya ce ko a wurinsu ba kullum ake samun irinsa ba. Ya ce layin na'urar yana da tsawo, sai an yi haƙuri. Yaya ya ce haƙuri ai shi ne sana'arsa.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na san Yaya a cikinsu. Ya yi ƙiba, ya fara zuwa sunan jikokin abokai, har ya ɗinka sababbin kaya a wurina yana zaɓen launi. An gyara taransifoma, aka mayar da gininsu tsohon layi, wuta ta koma halinta, bai ko damu ba. Aka yi masa walimar ritaya, aka ba shi agogon bango. Bayan mako guda leburori suka fitar da tanderun suka ajiye a bayan gini, inda ake tara karyayyun kujeru. Damina ta sauka a kansa. Da na ce masa ba zai je ya ɗauko ba, ya ce, "Ya gama aikinsa, Auta. A bar shi ya huta."

Wata rana da yamma yana shagona, ina yanka wata riga, wayarsa ta yi ƙara. Dogo ne. Kunnen Yaya ya fara nauyi, don haka ya buɗe muryar ya ajiye wayar a teburina, shi ya sa na ji komai. Suka gaisa, gaisuwar ta yi tsawo, Dogo yana ta tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya. Tun daga nan jikina ya ba ni.

Yaya ya ce, "Mutumina, bar zagaye-zagaye. Sun jeru?"

"Sun jeru."

Yaya ya dafe teburin.

Dogo ya ce, "Amma ba jerin da ka lissafa ba. Wani daban ne. Na yi ta maimaitawa ko na'ura ce, ba ita ba ce. Sai na sa aka ɗan gutsuri gefe aka duba abin da ke ciki. Rawayan ya yi yawa. Ya shiga ya zauna a gurbin da ba nasa ba, nan da can, ko'ina a cikin dutsen. Shi ya danne su ya zaɓar musu, ba rawar ba. Yaya aka yi awon?"

Yaya ya kafa wa wayar ido, har Dogo ya ce, "Kana ji na?"

"Na sa rabon tanderu."

"Na san kana sawa. Sau nawa ka sake narkarwa?"

Na ga fuskar Yaya ta canza a hankali. Ya kalli hannunsa na dama da ke kan teburin.

Ya ce, "Ban sake ba. Ba a ɗauke wuta ba."

Dogo ya ce, da wata murya mai taushi da ban san shi da ita ba, "Ba komai, mutumina. Ka sake yin wani, ba tare da ƙarin ba. Zan sake nemo layi, ko zai ɗauki lokaci."

Yaya ya ce, "Da wane tanderun?"

Suka yi sallama. Na ajiye almakashi. Ban gama fahimta ba, ko kuma na fahimta ban so in yarda ba. Na ce, "Yaya, ai ya ce sun jeru. Ba shi ke nan ba?"

Ya ce, "Buhu aka saka a motar, Auta. Idan akwai buhu a tsakiyar kujera, kowa zai zauna yadda buhun ya bar masa wuri. Ko motar ta yi jijjiga ko ba ta yi ba, ba za ki san abin da jijjigar za ta yi ba." Ya mayar da wayar aljihu. "Tanderun bai ci rabonsa ba. Ban ba shi dalilin ci ba. Duk abin da na ƙara yana nan a ciki."

"To da ba ka ƙara ba fa? Da ya yi yadda ka ce?"

"Ban sani ba."

"Kamar yaya ba ka sani ba? Shekara talatin kana cewa ka sani."

"Lissafi na sani. Dutsen ne zai ce e ko a'a, kuma na toshe masa baki da hannuna."

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban san wanda zan sauke wa ba. Na zagi masu wuta, na zagi wanda ya jona layin bai sanar da kowa ba, na zagi kwamfutocin da ban taɓa gani ba. Na ce a je a ɗauko tanderun a gyara, a kafa shi ko a shagona ne. Ya bar ni na yi ta yi. Da na gaji ya ce ya riga ya je ya duba shi tun kwanaki, ruwa ya shiga, bulon cikinsa ya ruɓe, wayoyin kuma masu tsintar ƙarfe sun yanke. Ko da yana nan lafiya, ina garin da za a narka, ina wutar? Sau ɗaya ta tsaya masa a duk rayuwarsa. Abin da ya fi ƙona mini rai, da ta yi halinta na kullum, da awonsa ya yi daidai amma babu dutse. Ta tsaya, aka samu dutse, awon ya ɓaci. Na juya abin ta kowace fuska ban ga inda zai fita ba.

Shi ya gaya wa Anti da kansa, ban san da waɗanne kalmomi ba. Da na je gidan washegari na same ta tana ninke kaya, ta ninke ta warware ta sake ninkewa. Ta ce mini, "Da ma ya ce mini lissafinsa ne ba daidai ba, da na fi samun sauƙi. Mutum ya yi kuskure ya sani, ya huta. Wannan fa?" Na kama mata ninkin.

Dogo ya dawo da dutsen da ya sake zuwa gida, a cikin 'yar jakar da na ɗinka, gefe ɗaya a gutsure. Ya ce akwai wasu matasa a wurinsu da suke sha'awar irin wannan dutsen, wataƙila nan gaba su gwada, kuma zai tabbatar an ambaci sunan Yaya. Yaya ya ce Allah ya ba su sa'a. Bai tambayi yaushe ba. Dutsen ya bar mini a shago, ya ce ba ya son sa a gida. Yana cikin aljihun kekena tare da maɓallai. Wata rana na kara masa fil in gani, ko ɗaga shi bai yi ba.

Ba ya maganar yanzu. Ƙibar da ya yi ta zube, na sake rage masa ƙugun wandunan da na ɗinka masa. Idan aka ɗauke wuta fankar shago ta tsaya, sai in ga ya yunƙura kamar zai tashi, ya kai rabi, ya koma ya zauna. Jikokinsa suna zuwa su hau masa cinya, yana shafa kansu, amma idonsa yana titi.

Jiya na dafa shayi na kawo masa da gwangwanin sukari, don ba ya son a sa masa. Ya ɗebo cokali, ya share saman cokalin da yatsa ya yi daidai, ya juye a kofi. Sai ya sake ɗebo ɗan kaɗan a bakin cokalin, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya zuba. Yana yi yana ba ni labarin wani maƙwabcinsu da ya sayi mota. A tsakiyar maganar ya tsaya. Ya kalli cokalin, ya kalli hannun da ke riƙe da shi, ya daɗe yana kallo.

Na ce, "Yaya, sha mana, zai huce."

Ya ajiye cokalin a hankali, ya tura hannun a ƙarƙashin cinyarsa ya zauna a kai. Shayin ya huce a wurin, na ɗauke na zubar.